Ajin da Aka Kwashe wa Maus

Ranar Litinin, bakwai ga Fabrairun 2022, da ƙarfe tara da kwata na safe, Munzali Zubair ya bi kwamfutocin ajinsa ya cire musu maus, wato ɗan abin nan da ake turawa da hannu a nuna abu a allo. Ya zuba su a kwali ya ɗora a kan kabad. Ina wurin, domin ni ke koyar da rubutun Turanci a 'yar makarantar tasa da ke cikin Mubi.

Munzali ya san kwamfuta, ban taɓa musun wannan ba. Aibinsa shi ne raina duk abin da jama'a suka saba da shi. Ya sa wa injinan wani tsari da tagogin aiki ke jera kansu a allo kamar tayil a daɓe, ba wadda ke hawa kan wata. Buɗe taga, rufe ta, tsallakawa zuwa ta kusa, duk da maɓallan kibod ake yi, kuma shi ya zaɓi maɓallan. Kullum yana cikin gyara. Yau ya rage tazarar tagogi, gobe ya sake launin gefensu.

Na ce masa, "Ɗana, a waje fa da maus ake aiki."

Ya yi dariya. "Baba Nehemiah, kai da tafireta ta yaye ka? Maus na ragwaye ne."

Cikin ɗalibansa akwai Juwairiya Gabdo daga Wuro Patuji. Ba ta taɓa kwamfuta ba sai a wurinsa. Jarrabawar shiga makarantar koyon jinya ce ta kawo ta, wadda ake yi a kwamfuta, kuma shekarar ce ta ƙarshe da shekarunta za su ba ta damar zama. Karatun kam ta san shi. Ta haddace maɓallan Munzali har tana raba allo gida huɗu ba ta dubi hannunta ba.

Wata rana ta tambaye shi, "Malam, a ɗakin jarrabawa ma haka injin yake?"

Bai ɗago daga launin da yake gwadawa ba. Ya ce, "Wanda ya iya nawa, nasu wasan yara ne."

Ranar jarrabawa ta zauna gaban injin irin na kowa. Ta danna maɓallan da ta sani, ba abin da ya motsa. Mai tsaron ɗakin ya nuna mata maus ya wuce. Ta kama shi, 'yar kibiyar da yake motsawa a allo tana tsere mata daga wannan kusurwa zuwa waccan. Tana ganin tambayoyin da ta san amsarsu, ta kasa kai hannu gare su. Lokaci ya cika ba ta yi rabi ba.

Washegari ta zo aji, ba ta zauna ba.

"Malam, ka ce wasan yara ne."

"Ai tsarinsu ne tsohon yayi," in ji Munzali.

"To. Amma da shi ake jarrabawar."

Ta gaishe ni, ta ɗauki jakarta ta fita. Yanzu tana Wuro Patuji tana noman gyaɗa tare da mahaifiyarta. An ce in ta ji ana zancen asibiti sai ta tashi daga wurin.

Labari ya kai Gude da Mayo Bani, inda wasu ɗaliban ke fitowa, iyaye suka janye 'ya'yansu. Kafin damina ta faɗi, waɗanda suka rage a makarantar su ne Munzali, da ƙanwarsa Hussaina da ba ta da inda za ta je, da Yaji mai gadi, sai ni.

Mai karatu, idan an ba ka amanar koyar da wani, shirya shi domin inda za shi, ba domin a yabi gwanintarka ba. Tsara injinka yadda ranka yake so ba laifi ba ne, amma ɗalibi ba wurin gwada sha'awarka ba ne. Malami yana iya gyara tsarinsa gobe. Damar da ɗalibi ya rasa a hannunsa ba ta dawowa.