Allon da Ya Dafa Ƙwan Yaya

Akwai wani mai haɗa na'urori, gwani ne ba ƙarya, sai dai ji da kai ya yi masa yawa. Shi ya haɗa wa yayarsa akwatin ƙyanƙyasar ƙwai, ya sa masa 'yar mitsitsiyar kwamfuta mai auna zafi.

Sai dai allon da ke nuna zafin, da ƙirgen kwamfuta yake magana, mai cakuɗa lambobi da haruffa. Zafi 38 da ƙwai ke so, 26 yake fitowa.

Ta ce, "Ƙanina, mayar min da shi ƙirgen mutane mana."

Ya ce, "Yaya, kin cika son sauƙi. In kin ga 26, ki sha kuruminki."

Ƙwai ɗari uku ta zuba, su ne madogararta ita da 'ya'yanta. Saura kwana uku su fashe, yana cikin mota zai yi tafiya, ta kira shi a waya.

"Akwatin nan ya yi zafi. Hannuna ba ya min ƙarya."

"Me allon ya nuna?"

"26."

"To ki bar hannunki ya huta."

Sai bayan awa biyu abin ya faɗo masa a rai. A irin wannan allo, ƙaramin harafin b da lamba 6 ɗan layi ɗaya ne ya raba su. Idan 2b ta karanta a matsayin 26, to zafi 43 ne.

Ya kira, babu sabis. Ya sake kira, shiru. Ya roƙi direba ya sauke shi a tsakiyar hanya, ya tari mai babur ya juyo, bakinsa sai addu'a.

Ya iske fankar akwatin ta tsaya. Ya riƙa haska ƙwan da tocila ɗaya bayan ɗaya, yana neman ko guda ya motsa. Babu.

Nan take ya gyara allon ya koma ƙirgen mutane: raba da goma, nuna amsa, nuna saura. Layi huɗu kacal na umarnin kwamfuta.

Yayar tana zaune a ƙasa, ta share ido ta ce, "Kar ka damu, ƙanina. Laifina ne. Da na yi karatu, da na gane."

Wallahi da zaginsa ta yi, da ya fi masa sauƙi.

Darasi: Abin da ka ƙera, ka sa ya yi magana da harshen mai amfani da shi. Iliminka bai cika ba sai wanda bai da shi ya amfana. Ku tura wa duk gwanin da kuka sani.