Koren Ruwan Tafkin Marayu

Akwai wani dattijo da wansa ya rasu ya bar masa amanar iyali da tafkin kiwon kifi a bayan gida. Karfasar da ke cikin tafkin nan ita ce cin marayun, ita ce suturarsu. Mutum ne mai himma, amma yana da aibi guda: idan ya san rabin abu, sai ya toshe kunne ga sauran rabin.

Ya taɓa jin cewa tsiro ne ke ba da iskar da ake shaƙa. Saboda haka ya riƙa zuba kashin kaji a ruwan, har gansakuka ta rufe shi ya yi kore shar. Sannan ya kwance injin da ke buga ruwa don kifi su samu iska, ya jingine shi a ɗakin ajiya, wai ƙararsa ta ishe shi.

Babbar 'yar marigayin, malamar kimiyya, ta zo ganin gida. Ta daɗe tsaye a bakin tafkin.

"Baffa, ruwan nan ya yi kauri. Ina injin?"

"Ya yi ritaya. Ga masu ba da iska nan kyauta."

"Da rana ne suke bayarwa," in ji ta. "Gansakuka tana haɗa abincinta da hasken rana da ruwa da iskar da muke fitarwa, sai ta sako wadda kifi ke shaƙa. Amma ƙwayoyin jikinta ba sa samun ƙarfi sai sun ƙona abincin da wannan iskar, kamar ni da kai da kifin. Wannan kuwa ba dare ba rana. Idan haske ya ɗauke, bayarwa za ta tsaya, sha ba zai tsaya ba."

Dattijon ya yi dariya. "Yau kuma ciyawa ce ke numfashi? Nuna mini hancinta, Malama. Ke a allo kika san kifi, ni a hannu na san shi."

Ta sunkuyar da kai. "Allah ya huci zuciyarka, Baffa. Amma idan hadari ya zauna, ka mayar da injin."

Bayan tafiyarta hadari ya taso. Bai zubar da ruwa ba, bai kuma wuce ba. Sama ta yi duhu kamar gindin tukunya, iska ta tsaya cak.

Da safe ya tarar da kifayen sun taso saman ruwa, bakuna a buɗe. Ya watsa musu abinci, ba wanda ya kula. Wani wari mara daɗi ya fara tashi. Balbelu suka jeru a kan katanga, shiru, suna jira.

Ya je ƙofar ɗakin ajiya, har ya kama mariƙin. Sai ya tuna fito da injin nan tamkar cewa ne yarinya ta fi shi gaskiya. Ya saki mariƙin. "Gobe rana za ta fito," ya gaya wa kansa.

Ranar ba ta fito ba.

Washegari bai ga koren ruwan ba sam. Fararen cikunan kifi ne suka rufe tafkin, daga wannan baki zuwa wancan. Ya jawo injin yana haki, ya tayar da shi, injin ya yi ta buga ruwa a tsakanin matattu.

Matar wansa ta fito, ta duba, ba ta yi kuka ba. Ta koma ciki ta ɗauko komar kamun kifi ta miƙa masa.

"Yaya, ni dai..." ya fara.

"Kwashe su kafin ƙananan yaran su tashi," ta ce. "Abin da za a gaya musu kuma, kai za ka faɗa."

Darasi: Rabin sani ya fi jahilci haɗari, kuma wanda ke riƙe da amanar wasu ba shi da ikon yin girman kai da ita. Gaskiya ba ta tambayar shekarun mai faɗarta. Ku isar da wannan ga duk wanda abincin wasu ke hannunsa.