Koren Ƙwan Sagara

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso!

Ta zo mu ji ta!

Wata Sagara ce, uwarta shuɗin ƙwai take sakawa. Da Sagara ta saka nata na fari, sai ya fito kore. Zabuwa uwar gulma ta leƙo akurki ta ce, "Tabɗi! Ke kam tsinto ki aka yi."

Sagara za ta fasa ƙwan, uwarta ta ce, "Kul, 'yar nan! Kwanta a kansa."

Da ɗan tsako ya fito, uwar ta juya ɓawon, ga cikinsa shuɗi kamar an tsoma a marina. Ta ce, "Ruwan ƙasan ƙwan dangin ubanki ne ya hau kan shuɗina, ya zama kore. Ke kuwa Zabuwa, ni na ƙyanƙyashe ki, na taɓa kiranki bare?"

Ƙurunƙus, kan kusu ya faɗa akurki!