Littafi na Uku da Akwatin Malam Bawa

Ku matso, ku ajiye wayoyin nan, yau ina da shari'ar da za ku yanke.

A garinmu akwai wata tsohuwa, Gwaggo Tabawa, wadda ba ta taɓa zaman aji ba, amma ta fi masu digiri da yawa sanin littattafan Hausa. Mijinta, Malam Bawa tela, shi ke karanta mata kullum bayan la'asar, tana tsince shinkafa tana yi wa mutanen cikin labari faɗa. Na ƙarshen da ya karanta mata labarin wata mata ne da mijinta ya tafi fataucin gishiri bai dawo ba. Littafi na biyu ya ƙare daidai inda aka yi sallama a ƙofar gidanta. Malam Bawa ya ce ranar kasuwa zai sayo na uku, sai ajali ya riga ranar kasuwa. 'Yan zaman makoki suka ari na ɗaya da na biyu, kun kuwa san yadda aron littafi yake a garin nan. Shekara ashirin da biyu Gwaggo ba ta san sunan littafin ba, ba ta san wanda ya yi sallamar ba, abin yana cin ta a rai.

Da aka shirya bikin littattafai na kwana uku a makarantar firamaren unguwarsu, sai ta ji an ce akwai zaman shayi na masu karatu, inda kowa zai faɗi littafin da ya fi so. Ta yafa mayafi ta tafi. Da magana ta zo kanta ta ce, "'Ya'yana, ni ban iya karatu ba. Ƙarshen wani labari nake nema kafin in bi mai karanta mini."

Ta fara bayarwa, matasa suna ƙus-ƙus, don ba mai gane shi. Sai ta zo inda matar ke shafa wa takalman mijinta man gyaɗa duk Juma'a kada su bushe. Nan Hassu, wata malamar asibiti da ke zaune a baya, ta miƙe. Ta karanta littafin tun tana makarantar kwana, kuma takalman nan ba su taɓa fita daga ranta ba. Ta faɗi sunansa da na marubucin, wanda ya daɗe da rasuwa. Sai dai ita ma a na biyu ta tsaya.

Malam Tanimu yana wurin, wanda a dā yake da shagon hayar littattafai kafin waya ta kashe masa kasuwa. Ya kasa 'yan littattafansa a bakin ƙofa, yana fatan bikin nan ya samar masa na cefane. Washegari, ranar da aka fi ciniki, ya naɗe tabarmarsa ya hau babur zuwa ƙauyensu, inda ragowar shagon ke jibge cikin buhuna a rumbu. Buhu goma sha ɗaya ya zazzage, kunama ta harbe shi a na tara, ya samo littafi na ukun a buhu na ƙarshe. Amma gara ta riga shi: ta cinye shafuka bakwai na ƙarshe, ta bar 'yan guntayen layi a jikin ɗinki.

A walimar rufe biki aka karanta wa Gwaggo har inda gara ta yarda. Matar cikin labari ta kama sakata za ta buɗe, takarda ta ƙare. Gwaggo ta fara laluben takalmanta. Sai Laure, wata dattijuwa da ta zo taya rabon abinci, ta ajiye faranti. Ita ce ta buga wa marubucin labarin a tafireta tana budurwa, kuma sau uku ya sa ta sake shafukan ƙarshe, don hawayenta na ɓata takarda. Ta rufe ido ta kawo su da ka. Hassu na bin guntayen layin da yatsa, kowace kalmar da gara ta bari tana faɗowa a gurbinta.

Mijin ne ya yi sallamar. Ya dawo da furfura, ƙafa ba takalmi, ya tarar da nasa a bakin ƙofa da laushinsu.

Gwaggo ta yi kukan daɗi har mayafinta ya jiƙe. Ta ce, "Alhamdu lillahi. Malam, ka ji, ashe ya dawo." Ta bi su ukun ɗaya bayan ɗaya tana sa musu albarka har muryarta ta dushe.

To ga inda shari'ar take. Gwaggo ba ta da abin godiya sai akwatin littattafan Malam Bawa, shi kuwa ya bar wasiyya cewa kada a raba su, a ba mutum ɗaya wanda ya san darajarsu. Kwana uku ke nan tana juya makullin a hannu. Hassu ce ta gano sunan, Tanimu ya bar cinikinsa ya tono littafin, Laure ta cike abin da gara ta ci.

Ku da kuka sha shayina, wa za ta miƙa wa makullin?