Makullai Arba'in da Takardu Uku

Ku matso kusa, kada ku sa ni ɗaga murya. Yau aka yi mini wankin ƙoda, jikina kamar an yi mini duka. Wata magana ce ta hana ni sakat, kuma ranar Litinin ake jiran amsata.

Shekara talatin da ɗaya ina kula da ginin asibitin nan. Ruwa, wuta, janareta, rufi mai yoyo, har masai in ya toshe, Baba Iro ake ƙwala wa kira. Takardata ɗaya ce, ta firamare, ita ma gara ta ci rabi. Yanzu ga ni majinyaci a ginin da na tsufa ina lallaɓawa, sau biyu a mako ana jona ni da inji. Hukumar asibiti ta ce in ajiye makullaina guda arba'in, amma ni zan zaɓi magajina cikin mutum uku da suka tashi a hannuna. Wai girmamawa ce. Ni dai kaya na ga an ɗora mini.

Tare suka fara, da tsintsiya da sifana. Da aka buɗe karatun kula da gine-gine, kowa ya tsaya a matakin da ya ga ya ishe shi. Tanimu ya yi satifiket na wata shida ya dawo bakin aiki, ya ce tukunyar gidansa ba za ta jira digiri ba. Ladidi ta yi difloma ta shekara biyu, ta dawo da kwalaben gwaji da wani ƙaton littafi da take rubuta ranar da aka canza ko da ƙusa ce, har muna yi mata dariya. Sagiru kuwa ya yi nisa, digiri da ƙari a kai. Shekara shida ba mu ga ƙeyarsa ba, ya dawo da izinin sa hannu a manyan takardun aiki, amma in ka ce ya nuna maka inda bututun ɗakin haihuwa ya bi, sai ya tafi neman zane.

Wata Alhamis da hantsi, mu takwas ne kwance a kan inji. Ashe saboda amai da gudawa da ya ɓulla a gari an ƙara wa ruwan famfo magani sosai, matatar gawayin da ke tsotse maganin kafin ruwa ya iso injinmu kuma ta gaza. Irin ruwan nan in ya kusanci jinin mutum, lalata shi yake yi.

Tanimu ya shiga ɗakin tace ruwa, ya buɗe famfon da ke bayan matata, inda bai kamata a ji warin komai ba, sai hancinsa ya kama warin magani. Bawul na buɗe ruwa da rufe shi goma sha ɗaya ne a ɗakin, babu rubutu ko a kan ɗaya, kuma in ban da ni, shi kaɗai ya san wanda ke shayar da injinmu, don hannunsa ya saba da su kamar yadda mace ta saba da tukwanenta. Bai tambayi kowa ba, ya murɗe shi. Injuna suka ɗauki kuka.

Likita ya fito a fusace. "Wa ya rufe ruwa? Mai gyaran famfo ne zai tsayar mini da aiki saboda hancinsa? A buɗe yanzu!" Tanimu ba shi da abin nunawa. Sai ga Ladidi da kwalbarta. Ta ɗebi ruwan a gaban likita, ta ɗiga abin gwaji, ruwa ya rine ja. Ta buɗe littafin nan da muke wa dariya, ta nuna masa abin da gwaji ya ba ta jiya da shekaranjiya, da na yau da ya ninka sau goma. Ta ce, "Likita, ga shi ka gani da idonka." Likita ya janye hannunsa daga bawul ɗin da ya kama zai buɗe.

To, amma rufe ruwa ba ya wanke jini. An cire mu daga inji aiki rabi da rabi, kuma biyu a cikinmu ba za su kai gobe ba in ba a ƙarasa ba. Ni ne ɗaya. Shugaban asibiti ya so a yi shiru a jira sabuwar matata kwana uku, kada suna ya ɓaci. Sagiru kuwa tun bara ya ƙulla yarjejeniya a rubuce da wani asibiti cewa in irin wannan ta faru za su karɓi majinyatanmu, lokacin ni da bakina na ce ɓarnar takarda ce. Sa hannunsa ne kaɗai zai tayar da ita. Ya dubi shugaba ya ce, "Ranka ya daɗe, gobe ka kore ni in ka so, amma yau sai sun tafi." Kafin azahar muna kwance a can, inji yana aikinsa.

Tun daga ranar nake juya maganar har na gaji. Hukuma tana son babbar takarda, ma'aikatan jinya suna son Ladidi, leburori sun ce Tanimu ko su ajiye aiki. Su ukun kowa ya zo ya durƙusa ya ce, "Sannu da jiki, Baba," babu wanda ya kalli makullan da ke rataye a ƙafar gadona, kuma wannan kunyar tasu ta fi komai ci mini rai. Na san duk wanda na zaɓa, biyun ba za su daɗe a ƙarƙashinsa ba, ni kuwa a ginin nan zan ci gaba da kwanciya sau biyu a mako, ruwansa yana ratsa injin da ke riƙe da raina.

To, ku faɗa mini: mai satifiket da ya rufe ruwa, ko mai difloma da ta hana a buɗe, ko mai digiri da ya fitar da mu, wa zan miƙa wa makullan nan?