Dinatu da Teburin Bayan Rumfa

Akwai wata mace a wani gari, sunanta Dinatu, wadda Allah ya ba ta hannun buga sunuka, wasan nan da ake tura ƙwallaye cikin rami da sanda a kan tebur. Kada ku tambaye ni abin da ya sa bai ba ta hannun ɗinki kamar 'yan'uwanta ba. Ba a gayyace ni wurin rabon ba.

A garin nan rumfar sunuka ɗaya ce, ta wani dattijo, Kawu Filibus, kuma tebur biyu ne a cikinta. Na gaba lafiyayye ne, maza ke kansa. Ƙa'idarsu ita ce wanda ya ci ya zauna, wanda aka cinye ya koma layi. Na baya kuwa gara ta ci masa ƙafa ɗaya, aka tokare shi da kwali, ya karkata hagu. An ce an taɓa ajiye ƙwai a kansa da safe, da la'asar aka same shi a kasuwar garin gaba ana cinikinsa. Ban gani da idona ba, amma na san teburin, ba zan yi musu ba.

Dinatu tana soya awara a bakin rumfar. Wata rana ta ce, "Kawu, a sa ni a layi mana."

Ya ce, "'Yata, me za ki yi da cunkoson maza? Ga tebur can ba kowa. Ki yi ta bugawa har Almasihu ya dawo."

Sai ta koma baya, ta yi shekaru tana bugawa. Teburin ya koya mata cewa in tana son ƙwallo ta faɗa rami, kada ta auna ramin. Ta auna damansa kaɗan, karkatar za ta ƙarasa aikin. Ta ƙware har ba ta tunanin abin. Duk namijin da ya zagayo baya don ya koya mata hankali, sai ya fita yana duban sandarsa kamar ita ta ci amanarsa, yana cewa, "Ai teburin ne."

Ana nan sai aka shirya gasar ƙwararru a babban birni. Masu gasar suka ce za su bar mace ɗaya ta gwada da maza. In ta yi abin kirki a buɗe wa mata ƙofa, in ba ta yi ba a daina damunsu da maganar. Labarin Dinatu ya riga ya kai can, aka kira ta. Matan zumuntar ikkilisiya suka raka ta tasha da waƙa, har da waɗanda suka sha ce mata sunuka wasan 'yan zaman kashe wando ne.

Teburin gasar a miƙe yake kamar ruwa a kwano. Abokin karawarta wani siririn mutum ne mai ladabi. Ya ce, "Madam, ke za ki fara."

Ta buga, ƙwallo ta wuce ramin ta dama. Ta sake samun hannu, ta sake wucewa ta dama. Nan ta gane: tana gyara karkatar da babu ita. Amma abin da kai ya gane yau, hannu ya yi shekaru yana koyon kishiyarsa. Ta yi ta kokawa da hannunta, ta jefa wannan, ta kuskure wancan, gumi yana zuba, har wasa ya kai ga baƙar ƙwallo, wadda duk wanda ya jefa ta shi ya ci. Ga ta daidai da rami, ko makaho zai jefa. Dinatu ta sunkuya, ta ce a ranta, "Kai tsaye, kai tsaye." Sai da sanda ta kusa taɓa ƙwallo hannun ya ɗan kauce dama, kamar tsohon jaki da ya ga kwanar gida. Baƙar ta daki leɓen rami ta tsaya.

Mutumin ya jefa ta, ya miƙa wa Dinatu hannu. Ya ce, "Kin yi ƙoƙari, Madam. A ce mace ce, ai ba kaɗan ba ne."

Masu gasar suka dubi juna suka ce, "Ai mun faɗa." Suka rufe ƙofar.

Da ta dawo gida, Kawu Filibus ya ce, "Sannu da hanya, 'yata. Kada ki damu, teburinki na nan, na ma ƙara masa kwali."

Ta ce, "Na gode, Kawu. A ba gara ta ƙarasa."

Ba ta roƙi kowa ba, ta je ta tsaya a bayan namiji na ƙarshe a layin gaba. Waɗanda ta saba cinyewa suka yi ta cinye ta suna dariya, ita kuma tana komawa layi. Har yau tana can. Wata rana ta ci, yawancin ranaku a cinye ta. Ƙofar gasar kuwa ba a sake buɗe ta ba tukuna.

To, ga ma'anar misalin nan, 'yan'uwa. Karkataccen tebur shi ne gidan da ya rene mu da duniyar da ta koya mana zama. Wani ya tashi inda ba a samun kome sai da kwana-kwana, inda in kana son gishiri sai ka fara da yabon miya. Ya ƙware, ya rayu, ba laifinsa ba ne. Amma sai ya zo gaban Ubangiji da hannun nan: addu'arsa ciniki, tubansa zagaye-zagaye. Teburin Allah ba ya karkata. Ka faɗi abin da kake so, ka kira zunubinka da sunansa. Kuma kada ka yi mamaki in ka gane yau, gobe hannu ya sake kaucewa. Koma layi. Za a cinye ka, za ka gaji. Ka sake komawa.

Saura mu dattawa, masu rumfa. Mukan bar 'yar'uwa shekara da shekaru a bakin murhun ikkilisiya, sai ranar mata ta zagayo mu miƙa mata bagade ta yi wa'azi sau ɗaya. In muryarta ta yi rawa, mu gyara zama mu ce, "Ai mun faɗa." Na tsufa ina jin wannan magana, a wasu ranaku daga bakina. Amma ku sani, a ranar shari'a kafin a tambayi Dinatu yadda aka yi ta kuskure baƙar ƙwallo, Kawu Filibus za a fara kira.