Rijiyar Marka

A zamanin da ganuwar Kurmau ba ta wuce ƙugun mutum ba, an yi wata mace a dajin Gawo mai suna Marka, 'yar mafarauta. Ba ta harbi, ba ta ɗana tarko. Saninta guda ne: tokar da ake kwaɓawa da wani ganye a shafe cikin rumbu, gero ya shekara bakwai ƙwaro bai taɓa shi ba. An ce ko tururuwa ba ta ƙetare inuwarta.

Da Sarki Jatau na Kurmau ya ci dajin da yaƙi, aka haɗo da ita cikin ganima, ta zama kwarkwararsa. Ba ta yi kuka ba. Ta dai dubi rumbunan fada ta ce aikin banza ne. Sarki ya yi dariya, ya danƙa mata su. Shekara ta uku aka yi fari, ko'ina yunwa, Kurmau kaɗai ake tuƙa tuwo. Daga nan sai gonaki, sai marina, sai raƙuma masu ƙetare sahara da sunanta. Hakiman da ke ce mata baiwa suka koma tuɓe takalmi a ƙofarta. Maroƙa na yi mata kirari: "Marka uwar rumbuna, damina mai cika ciki!"

Ɗa guda ta haifa wa sarki, Nomau. Da yake ɗan farinta ne, ta yi masa kunya irin ta mutanen da. Ba ta kama sunansa, ba ta kallonsa a gaban jama'a, goyonsa ma wata aka ba. Har ya yi gemu "wancan" take ce masa. Amma furar da ake kai masa kullum, da hannunta take damawa.

Sai wani sarki daga gabas ya kewaye Kurmau wata tara, hatsin Marka ya riƙe gari. Da aka zo sulhu, sarkin gabas ya ce a ba shi 'ya'yan sarki su zauna a hannunsa, a bar guda ɗaya. Jatau ya tara fada, ga manzon gabas zaune, ya sa aka kira ta.

"Ke kika riƙe garin nan," in ji shi. "Faɗi sunan wanda za a bari."

A ganinsa kyauta ya yi mata. Nomau na tsaye, taku biyar tsakaninsu. Sunan na bakinta, amma bakin da ya shekara talatin bai furta shi ba ya ƙi buɗewa.

"Ranka ya daɗe, duk 'ya'yanka ne," ta ce.

Fadawa suka hau yabo, wai ba a taɓa ganin kawaici irin wannan ba. Su ai yabo ba ya yi musu wuya, ba ɗansu ba ne. Sarki ya bar babban ɗansa, na uwargida. Nomau ya durƙusa ya ce, "Iya, na tafi." Ta kau da kai kamar yadda ta saba. Bai dawo ba.

Dukiyarta ta ninka, maganarta ta zama doka. Ita kuwa ci take ba ta jin gishiri, in an yi mata albishir ta ce to, in an yi mata ta'aziyya ta ce to. Bayan rasuwar Jatau ta koma bakin hanyar gabas, ta sa aka haƙa rijiya, fatake suka mai da wurin zango, zango ya zama gari. Duk ayarin da ya sauka sai ta tambaya ko sun ga wani a can. Su ce wa? Sai ta yi shiru.

Ta tsufa tukuf kafin masu ɗiban ruwa su gan ta wata rana da hantsi, ta sunkuya a bakin rijiyar ta ce, "Nomau." Sau ɗaya.

Garin na nan, Rijiyar Marka ake ce masa. Matan can suna kunyar ɗan fari kamar kowa. Amma ranar suna, mai jego kan je bakin rijiyar ta kira sunan jaririnta da ƙarfi, sau ɗaya, don kada ranar da ake bukata bakin ya ƙi.